Shin Ko Kun San? Antibairos ɗin da ya zo da kwamfutarku da wanda ake ƙara muku

Shin ko kun san cewa duk kwamfutar da ke ɗauke da Windows 10 ko Windows 11 tana da nata antibairos a ciki? Sunansa Microsoft Defender. Yana fara aiki tun ranar da aka kunna kwamfutar, ba a sayen lasisinsa, kuma ba ya da wa'adin da zai ƙare bayan wata guda. Amma a shagunan gyaran kwamfuta na Kurmin Mashi, Badiko da Tudun Wada a Kaduna, da zarar an yi wa mutum fomat an ɗora masa sabon Windows, tambayar da ke biyo baya ita ce, "Yallaɓai, wane antibairos za a sa maka?" Sai mai kwamfuta ya zaci babu komai a ciki. Alhali akwai.

Shin ko kun san cewa raina Defender da tsofaffin injiniyoyi ke yi yana da asali? Microsoft ya sayi wani ƙaramin kamfani mai suna GIANT a watan Disamba na 2004, daga manhajarsa aka samar da Defender na farko, wanda aikinsa bai wuce kama manhajojin leƙen asiri ba. A 2009 aka fito da Security Essentials na kyauta, wanda a ƙarshen 2012 ya faɗi gwajin cibiyar AV-TEST har ya rasa takardar shaidarta. Sai a Windows 8, na Oktoban 2012, Defender ya zama cikakken antibairos, kuma ya daɗe yana zuwa a sahun baya. Duk wanda ya koyi gyara a wancan zamani ya yi gaskiya da ya ce ba shi da ƙarfi. Matsalar ita ce har yau ana yanke masa hukunci da shaidar da ta haura shekara 10.

Ko kun san akwai cibiyoyi masu zaman kansu da sana'arsu ke nan, su tara bairos su sakar wa antibairos su ga wanda zai tsaya? AV-TEST tana birnin Magdeburg na Jamus, AV-Comparatives kuma tana Innsbruck ta Ostiriya. AV-TEST tana ba da maki 6 a kan kariya, 6 a kan rashin nauyaya kwamfuta, 6 a kan rashin yi wa fayil mai lafiya ƙazafi, jimla 18. A 'yan shekarun nan Defender ya sha cinye 18 ɗin ko ya kusa, kafaɗa da kafaɗa da Bitdefender, Kaspersky da Norton waɗanda ake biya wa kuɗi duk shekara.

Shin ko kun san cewa cibiyar AV-TEST ɗin nan ta ce tana rajistar sababbin miyagun manhajoji fiye da 450,000 a kowace rana? A nan ne maganar ta fi shafar mu. Antibairos yana gane ɓarawo ne da jerin alamomin da kamfaninsa ke aiko masa ta intanet, da kuma tambayar da yake turawa can cibiya idan ya ga fayil ɗin da bai sani ba. Gwaje-gwajen AV-Comparatives sun sha nuna cewa idan aka cire intanet, abin da Defender ke kamawa yana raguwa sosai, fiye da yadda na wasu kamfanonin ke raguwa. Wannan rauni ne na gaske, ba zan ɓoye shi don ina goyon bayansa ba. Yanzu ku duba yadda muke rayuwa. Data ta yi tsada, musamman tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kan kuɗin kira da data a Janairun 2025. Ɗalibi ya haɗa laftof da wayarsa, ya ga Windows na zuƙe masa data, abu na farko da zai nema shi ne wanda zai kashe masa sabuntawa gaba ɗaya. Kwamfutar da ke kan teburin biznes santa kuma tana iya yin wata da watanni ba ta ga intanet ba, ga filash ɗin jama'a na shiga yana fita tun safe har magariba. Irin wannan kwamfuta ko wane antibairos aka sa mata, na kyauta ko na kuɗi, makaho ne ga yawancin abin da ya fito bayan ranar da aka ɗora shi.

Kun san kuwa ana iya sabunta Defender ba tare da kwamfutar ta hau intanet ba? Microsoft yana ajiye jerin alamomin a shafinsa cikin fayil guda. A sauke shi a wata na'urar, a kawo a filash mai tsabta, a danna. Mai shago da ke da kwamfuta huɗu zai sauke sau ɗaya ya zagaya da shi.

Shin ko kun san cewa bairos na farko da ya yaɗu a irin kwamfutocin da muke amfani da su yanzu bai san intanet ba? Sunansa Brain, wasu 'yan'uwa biyu, Basit da Amjad Farooq Alvi, suka rubuta shi a Lahore ta Pakistan a 1986, kuma ta faifan fulofi ya zagaya duniya, daga hannu zuwa hannu. Fulofi ya tafi, filash ya gaje shi.

Shin ko kun san cewa Najeriya ta taɓa zuwa ta ɗaya a duniya a jerin ƙasashen da wani bairos mai bin filash ya fi kamawa? Sunansa PlugX. A Maris na 2023 kamfanin Sophos ya ba da rahoton ɓullarsa a Najeriya, Ghana, Zimbabuwe, Mongoliya da Papua New Guinea. A Satumbar shekarar, masu bincike na kamfanin Sekoia na Faransa suka gano cewa masu bairos ɗin sun yi watsi da adireshin intanet ɗin da yake kai wa rahoto, sai suka saye shi a kan dala 7 suka zauna suna ƙirga masu kira. Cikin wata 6, adireshi daban-daban fiye da miliyan 2.5 daga ƙasashe sama da 170 suka tuntuɓe shi, Najeriya ce a gaba. Adireshi ba shi ne kwamfuta ba, don kwamfuta ɗaya kan canza adireshi sau da yawa, amma jerin ya nuna inda filash ya fi yawo babu bincike. Wanda ya taɓa tsayawa layin buga takarda lokacin rajistar JAMB, ko lokacin da ɗaliban Kaduna Polytechnic da na KASU ke haɗa kundin kammala karatu, ba zai yi mamaki ba.

Ko kun san cewa bairos ɗin da ake kira shotkot yawanci ba ya goge fayil? Ɓoye folda yake yi, ya ajiye hoton bogi mai ɗan kibiya a madadinta, wanda idan ka danna shi ka tayar da bairos ɗin da hannunka. Ɗalibai da yawa sun yi wa filash fomat cikin firgici, suka hallaka aikin da yake nan lafiya lau. Kafin fomat, a wanke filash ɗin da antibairos, a sa Windows ya nuna ɓoyayyun fayiloli.

Shin ko kun san cewa Smadav, wanda kusan kowace kwamfutar kafe a Kaduna ke ɗauke da korensa, daga Indunusiya yake? Masu shi da bakinsu sun ce kariya ce ta biyu, an yi shi ne don ya zauna tare da babban antibairos, ya fi ƙwarewa a kan filash. Wanda ya kashe Defender ya bar Smadav shi kaɗai ya ɗora masa kayan da bai ce zai ɗauka ba.

Shin ko kun san cewa idan kuka ɗora cikakken antibairos na wani kamfani, Defender janyewa yake yi da kansa ya bar masa fili? Haka aka tsara shi, domin manya biyu masu sintiri lokaci guda suna nauyaya kwamfuta, wani lokacin ma ɗaya ya kama ɗaya. Idan wa'adin baƙon ya ƙare, kamar McAfee na gwajin kwana 30 da ke zuwa cikin sababbin laftof, Windows kan mayar da Defender bakin aiki. Wanda ba ya son biya, ya cire baƙon gaba ɗaya, ya huta da saƙonnin tsoratarwa.

Shin ko kun san cewa ƙungiyar kamfanonin manhaja ta BSA ta ƙiyasta cewa a 2017 kashi 80 cikin 100 na manhajojin da ke kan kwamfutocin Najeriya ba su da lasisi? A ganina nan ne babbar ƙofar ɓarna take, ta fi ta filash faɗi. Kusan duk manhajar kirak tana zuwa da umarni guda: kashe antibairos kafin ka ɗora. Ana gaya wa mutum wai Defender fitina gare shi, ba ya son kayan kyauta. Wani lokacin kirak ɗin kawai ya gani, wani lokacin kuma abin da aka cusa a cikinsa ya hango, kai kuma ba ka da hanyar bambancewa. A Disambar 2021 kamfanin Red Canary ya nuna yadda aka cusa Cryptbot, mai satar kalmomin sirri, cikin jabun KMSPico da ake amfani da shi wajen buɗe Windows da Office. A Yunin shekarar, Avast ya bayyana Crackonosh, wanda ya shiga kwamfuta kusan 222,000 ta wasannin kirak, yana kashe antibairos, ya kashe sabuntawa, ya ajiye alamar bogi a ƙasan allo don mai kwamfuta ya zaci yana da kariya. Garin neman gira ake rasa ido. Mafi muni a cikin manhajojin kirak shi ne antibairos na kirak: ka sallami mai gadin da ka san asalinsa, ka miƙa makullan gida ga wanda ka tsinta a hanya. Haka ma Windows ɗin da wasu suka yi wa kwaskwarima don ya yi sauƙi a tsohuwar kwamfuta, da yawansu an tumɓuke Defender daga cikinsu tun kafin su iso shago.

Kun san kuwa ko ba a buɗe Windows da lasisi ba, Defender yana aiki, sabuntawar tsaro ma tana shigowa? Rubutun da ke ƙasan allo da hana canza hoton bango ne mafi yawan abin da mutum zai jure.

Shin ko kun san cewa Norton, Avast, AVG da Avira duk kamfani ɗaya ne ke da su yanzu, wato Gen Digital, tun 2022? Kuma a Fabrairun 2024 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta ci tarar Avast dala miliyan 16.5 saboda sayar da bayanan shafukan da masu amfani da shi ke ziyarta, ta hannun reshensa Jumpshot. A shekarar ne kuma Amurka ta hana sayar da Kaspersky na Rasha a ƙasarta bisa dalilan tsaronta. Ranar 19 ga Yuli, 2024, kuskure a sabuntawar manhajar tsaro ta CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya. Antibairos yana shiga can cikin ƙashin kwamfuta, yana ganin komai, don haka zaɓensa maganar amana ce.

To, wa ya kamata ya saya? Makaranta, asibiti, cibiyar jarrabawa ko ofis mai kwamfutoci da yawa, inda ake son mutum ɗaya ya riƙa lura da su duka daga wuri guda, da mai shagon da filash ɗin baƙi ke shiga kwamfutarsa kullum. Su saya na asali, su sabunta. Ɗalibi, malami, tela mai ajiye zanen ɗinki, mai kwamfuta ɗaya a ɗaki, Defender ya ishe shi.

Shin ko kun san cewa Microsoft ya daina toshe ɓarakar Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, sai ga waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi mai ƙarewa 13 ga Oktoba, 2026? Windows 7 kuwa tun 14 ga Janairu, 2020. Windows 11 yana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da injin Intel ƙarni na 8 zuwa sama ko makamancinsa, kuma da yawa daga laftof ɗin gwanjo da ke kasuwa ba su kai ba. Defender na Windows 10 zai ci gaba da samun jerin alamomi har Oktoban 2028, amma antibairos ba ya toshe ɓarakar da ke jikin Windows kansa. WannaCry ya shiga kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe 150 a Mayun 2017, har da asibitocin Ingila, ta wata ɓaraka da Microsoft ya riga ya fitar da maganinta tun Maris. Mai sayen laftof ya tambaya tun a kanti ko tana ɗaukar Windows 11 ta hanyar da ta dace.

Ko kun san wayoyin Android ma suna da nasu a ciki, Google Play Protect, tun 2017? Hanyar da miyagun manhajoji ke bi su kauce masa ita ce a ɗora su daga saƙon da aka turo, kamar FluBot mai satar bayanan banki da NCC ta yi gargaɗi a kansa a Oktoban 2021.

Ga masu gyara na Kurmin Mashi da kewaye, don Allah kada ku miƙa wa mutum kwamfutarsa Defender na kashe. Ku kuma masu karɓa, kafin ku bar shago ku buɗe Windows Security, ku ga alamar ta yi kore, ku duba ranar da aka yi sabuntawa ta ƙarshe, sannan ku biya.