Kafin Ka Zuba Kuɗinka a Gidan Haya

Duk wanda ya tara 'yan kuɗi a ƙasar nan, ko na sallama daga aiki ne, ko gado, ko ribar kasuwa, shawarar farko da zai ji daga bakin mutane ita ce ya sayi gida ya zuba 'yan haya. Shawarar tana da tushe. Tun da aka saki Naira ta nemi darajarta da kanta a watan Yunin 2023, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, wanda ya ajiye kuɗi a asusu kuwa yana kallo suka narke masa. Ƙasa ba ta narkewa haka. Sai dai masu ba da shawarar ba kasafai suke ɗaukar biro su yi lissafi ba.

A ce ka sayi gida Naira miliyan 20, kana karɓar hayar miliyan ɗaya a shekara. Shekara ashirin ke nan kafin uwar kuɗinka ta dawo, in har kwano bai yi yoyo ba, sokawe bai cika ba, ɗaki bai zauna wata huɗu babu kowa ba. Duk waɗannan kuwa sai sun faru. Saboda haka kuɗin haya ba shi ne babbar riba ba. Ribar tana cikin tashin darajar wurin, ita kuma ba ka ganinta sai ranar da ka sayar. Wanda ya fahimci wannan ba zai karɓi bashin banki mai ruwan da ya haura kashi ashirin cikin ɗari ya sayi gidan da ke kawo kashi biyar ba. Ko bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, suna da ribar da suke ɗorawa, sai ka auna ta da abin da gidan zai kawo.

Inda aka fi shan kashi shi ne takarda. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, abin da mutum ke riƙe da shi izinin zama ne, galibi na shekara 99, kuma sauya hannun fili mai satifiket yana buƙatar amincewar gwamna. A Kano kowa ya san bambancin awon gwamnati da awon igiya. Na igiya ya fi araha, amma abin da ke hannunka takardar ciniki ce da sa hannun mai unguwa da shaidu, ranar da hanya ta biyo ta kansa kuwa sai yadda hali ya yi. Idan gida yana da satifiket, ka je hukumar rajistar filaye, wato KANGIS a Kano, ko KADGIS a Kaduna, ko AGIS a Abuja, a bincika maka sunan wa ke kai, kuma ko an jinginar da shi. Rushe-rushen da aka yi a Kano a watan Yunin 2023, har da shagunan filin Idi, sun nuna cewa bayan takarda sai ka tambayi asalin filin: na makaranta ne, na maƙabarta, ko hanyar ruwa?

Gidan gado kuma sha'aninsa daban ne. Kada ka biya ko kwabo sai ka ga kowane magaji, mata da maza, ya amince, in so samu ne da takardar rabon gado daga kotu. Ɗan'uwa guda da ke Legas ko Saudiyya ya isa ya dawo ya warware cinikin bayan ka gama fenti. Dillali kuwa la'adarsa yake nema, kuma ba laifi ba ne, amma ba lauyanka ba ne. Cinikin biri a sama bai kamaci mai kuɗin guminsa ba.

Sai zaɓen unguwa. Tambayar ita ce wa zai zauna a gidan. Ciki da falo a Danbare ko Rijiyar Zaki kusa da Jami'ar Bayero, ko ɗakuna a Samaru ta Zariya, ba sa daɗewa babu mai nema, alhali katafaren gida a bayan gari yana iya shekara a rufe. Ga mai farawa, ni na fi son ƙananan ɗakuna ko shago biyu a bakin titi, domin in ɗaya ya tashi saura na biya. Ka je ka ga gidan a watan Agusta bayan an tafka ruwa, ba da rani ba lokacin da kowane lungu yake fes. Ka tambayi maƙwabta inda suke samun ruwan sha.

In gida ya zo hannu, a rubuta yarjejeniya da ɗan haya, ko da limamin unguwa ne ya kawo shi: nawa ne, yaushe za a biya, mutum nawa za su zauna, wa ke yashe masai. Kowane ɗaki da mitarsa in da hali, don rabin rigimar gidan haya a kan kuɗin wuta take. Wanda ya ƙi biya kuma ba a cire masa ƙofa ko kwano. Wannan zai iya kai ka gaban alƙali kai da gidanka. A jihohi da dama mai biyan shekara yana da haƙƙin notis na wata shida in ba a rubuta wani wa'adi ba, sannan kotu ce ke fitar da shi.

Batun dangi ba sai na faɗa da ƙarfi ba. In ka ba ɗan yayarka ɗaki, ka sa shi a lissafin zumunci, kada ka sa shi a na kasuwanci.

Mai karatu, in kuɗin da ke hannunka ba za su sayi gida su bar maka ko da hayar shekara guda ta gyara a gefe ba, ka dakata tukuna, ko ka fara da fili mai takarda ka riƙa ɗora bulo a hankali.