Firgicin da ya ƙi wucewa

Ranar 17 ga Oktoban 2021 'yan bindiga suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, mutane da dama suka rasu. Shekara uku kafin nan, a Yulin 2018, mutanen Tabanni da ke ƙaramar hukumar Rabah sun bar gidajensu zuwa Gandi bayan irin wannan hari. An ƙirga gawawwaki, an ɗaure raunuka, an raba buhunan hatsi. Amma akwai waɗanda suka fita ba ko ƙwarzane a jiki, har yau kuma ba sa iya barci. Ƙarar babur kaɗai ta isa ta sa gabansu ya faɗi, gumi ya karyo musu.

A wurinmu kalma ɗaya ce ke rufe komai, wato hauka, kuma mahaukaci shi ne mai yawo tsirara a bola. Shi ya sa a Sakkwato idan aka ce a kai wani asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, dangi kan ji kamar an zage su. Likitocin ƙwaƙwalwa ba haka suke auna abin ba. Sukan duba ko halin da mutum ke ciki yana wahalar da shi, ko ya hana shi noma da kasuwa da zaman iyali, da kuma tsawon lokacin da ya ɗauka. Tsoro bayan hari ba ciwo ba ne, jiki ne ke kare kansa. Idan ya haura wata guda, mutum yana ta mafarkin abin, yana kauce wa hanyar da ya faru, yana zabura da ƙaramin motsi, to ya zama ciwo mai magani. Ƙwaƙwalwa ce ta ci gaba da buga gangar haɗari alhali haɗarin ya wuce.

Haka ciwon damuwa: baƙin ciki da mutuwar jiki da rashin sha'awar komai har mako biyu ko fiye. Matanmu ba sa cewa suna da damuwa. Sukan ce kansu na zafi, ko zuciya na bugawa, ko wani abu na yawo a jiki, sai a ba su maganin zazzaɓi su koma gida. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne a ce wa irin wannan baiwar Allah ba ta da tawakkali. Addu'a da neman magani ba kishiyoyi ba ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, da kansa ya yi rubuce-rubuce kan ilimin magani.

Mai jin muryoyi ko mai zargin ana bin sa, wanda muka fi sani, shi ne ma mafi ƙaranci cikin waɗannan. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum ɗaya cikin takwas na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, amma irin wannan mai tsanani kusan ɗaya ne cikin 300. Shi ma da magani yakan lafa ya koma sana'arsa. Mari da turu da bulala sai dai su ƙara masa ciwo. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu, aka sanar a Janairun 2023, ta maye gurbin ta 1958, ta kuma ba majinyaci haƙƙin a mutunta shi.

Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware da asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suna nan, sai dai manomin da ya rasa shanunsa ba ya da kuɗin mota, hanyar ma ba aminci. Tun 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya nuna a Aro ta Abeokuta cewa ana iya jinyar masu taɓin hankali a cikin ƙauye, tare da danginsu. Ya kamata gwamnatin Sakkwato ta horar da ma'aikatan ƙananan asibitocin Wurno da Rabah da Goronyo su gane waɗannan alamu, ta ajiye musu magani. Kai kuma mai karatu, idan ɗan'uwanka ya daina barci ko ya fara zancen ya gaji da rayuwa, kada ka bar shi shi kaɗai, ka raka shi asibiti yau.