Daga Tottenham Zuwa Kazan: Shirin Mai Halartar Taro

Ma'aikacin da ke zaune a Tottenham, arewacin Landan, in an gayyace shi taro a birnin Kazan na ƙasar Rasha, wajibi ne ya kintsa tun da wuri. Biza ba ta samuwa sai da takardar gayyata. Tun 2022 babu jirgin sama kai tsaye, sai ya hau jirgin ƙasa a Tottenham Hale zuwa filin jirgin Stansted, ya bi ta Istambul. Katin Visa ko Mastercard na bankin Ingila ba ya aiki a can, saboda haka ya riƙe tsabar kuɗi. Gwamnatin Birtaniya kuwa ta gargaɗi mutanenta kada su je saboda yaƙin Yukren, kamfanin inshora ma yana iya ƙin biya. In taron bai zama tilas ba, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.