Makarantar Wa Ce A Bakin Tekun Dún Chaoin?

A can ƙurewar yammacin ƙasar Ayalan, a gundumar Kerry, akwai wani ƙauye da ake kira Dún Chaoin. Wanda ya bi hanyar ƙafa ta kan tudun da ke fuskantar Tekun Atlantika zai ci karo da kangon wata makaranta, rufinta ya zube. Baƙi kan tsaya su ɗauki hoto. To 'ya'yan wa suka yi karatu a cikinta?

Zaton farko yakan tafi ga mutanen tsibirin Blasket da ake hange daga nan, waɗanda gwamnati ta kwashe a 1953. Sai dai tasu makarantar a kan tsibirin take, kuma an rufe ta tun kafin su tashi.

Zato na biyu, cewa firamaren ƙauyen ce, ya fi ƙarfi. A 1970 ma'aikatar ilimi ta rufe firamaren Dún Chaoin, a lokacin da ake haɗe ƙananan makarantun karkara wuri guda, ta ce a riƙa kai yaran zuwa ƙauyen Ballyferriter a mota. Iyaye suka ce allambaram. Ƙauyensu na cikin 'yan yankunan da suka rage inda ake tashi da harshen Gelik tun daga gida, kuma da idonsu suka ga yadda Blasket ya watse. Sun san in makaranta ta tashi, masu ƙananan yara za su bi ta, harshen kuma ya bi su. Suka ci gaba da buɗe ta ba da izinin hukuma ba, malaman sa-kai na koyarwa, ciki har da shahararriyar marubuciyar waƙoƙi Máire Mhac an tSaoi. A 1971 aka yi tattaki daga ƙauyen har Dublin, tafiyar fiye da kilomita 300. Ni dai ina tare da iyayen nan, don ma'aikata kawunan ɗalibai kawai ta ƙirga, su kuwa makomar ƙauye suke dubawa.

Kangon shi ne wannan makaranta ke nan? A'a. Da aka yi canjin gwamnati a 1973, sabon ministan ilimi Richard Burke ya sake buɗe ta. Sunanta Scoil Naomh Gobnait, kuma har yau da Gelik ake karatu a cikinta.

Ashe amsar tana wurin 'yan fim. A 1969 daraktan nan ɗan Ingila David Lean ya sauka a yankin don ɗaukar fim ɗin Ryan's Daughter. Ya sa aka gina ƙauye sukutum a kan tudu, aka raɗa masa suna Kirrary, aka kuma gina makaranta a bakin teku, inda Robert Mitchum ya fito a matsayin malami. Da aka gama aka rushe ƙauyen, aka bar makarantar. Ba a taɓa yi wa yaro ko ɗaya rajista a cikinta ba. Fim ɗin ya fito a 1970, shekarar da hukuma ta rufe makarantar gaskiyar.