Dalilin da Ya Sa Hayaƙin Gawayi Ba Ya Tashin Mai Barci

Idan hunturu ya kankama a Aujara da ƙauyukan ƙasar Jahun, har ruwan randa ya gagari mai alwalar asuba, al'adar mutanenmu ce su shigar da kaskon garwashi ɗaka, su ja ƙyaure, su toshe taga da tsumma. Kuma abin da ya daɗe yana damuna cikin wannan al'amari shi ne, mutumin da zai farka firgigit in an toshe masa hanci, sai ga shi yana sharar barci alhali guba tana shiga jininsa.

Sababin haka yana cikin wuya. A inda babbar jijiyar da ke kai jini ka ta rabu biyu, Allah cikin hikimarSa Ya halicci wata 'yar tsoka wadda ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba, aikinta ɗanɗana jini dare da rana. Likitan Beljiyam Corneille Heymans ya sami kyautar Nobel ta 1938 saboda bayyana amfaninta, sa'an nan a 1988 José López-Barneo da abokan bincikensa a Sifen suka gano asirin aikin: a jikin ƙwayoyinta akwai ƙananan ƙofofi da sinadarin fotasiyam yake fita ta cikinsu, waɗanda da zarar oksijin ya ragu sai su rufe, wasu ƙofofin na kalsiyam su buɗe, saƙo ya bi jijiya zuwa gindin ƙwaƙwalwa, numfashi ya ƙaru. Akwai magungunan da ke taɓa ƙofofin nan. Doxapram yana rufe su domin a zaburar da numfashin majinyaci, wasu magungunan sa barci na tiyata kuwa dusar da aikin suke yi.

To, ga inda musibar take. Wannan tsoka oksijin da ya narke cikin ruwan jini take aunawa, ba wanda jajayen ƙwayoyin jini suke ɗauke da shi ba. Iskar kabon monoksaid da gawayi ke fitarwa, wadda ba ta da wari ko launi, kan jajayen ƙwayoyin take sauka, tana kama su da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200, ta bar ruwan jinin kamar yadda yake. Saboda haka ba a aika saƙon da ya isa ya tashi mai barcin, tun ciwon kai da jiri har suma.

Hukuncin janareta da ake tayarwa a zaure ko kusa da tagar ɗakin kwana ɗaya ne da na kasko. Wanda aka iske a wannan hali, a fito da shi sarari nan take, a garzaya da shi asibitin da ke da tukunyar oksijin, ko da ya farfaɗo ya ce ya ji sauƙi.