Kama da Wane Ba Ta Wane: Hattara da Kalmomi Masu Kama da Juna

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Shekaru da dama ke nan wani saƙo yana yawo a wayoyin Musulmi, yana gargaɗin a daina kiran masallaci da sunansa na Turanci, wato "mosque", wai an ciro shi ne daga "mosquito", sunan sauro. Saƙon yana cewa Sarki Ferdinand na Sifen ne ya yi alwashin murƙushe Musulmi kamar sauro, sunan ya samo asali daga nan. Mutane da yawa sun tura shi gaba da kyakkyawar niyya da kishin addini, alhali labarin ba shi da tushe.

Asalin kalmar shi ne "masjid" ta Larabci, wurin sujada. Mutanen Sifen sun karɓe ta daga Musulmin Andalus suka mayar da ita "mezquita", sunan da har gobe ake kiran babban masallacin Ƙurɗuba da shi, wanda Abdurrahman ad-Dakhil ya fara ginawa wajen shekarar 785 Miladiyya. Kalmar tana bakinsu ƙarnoni kafin Ferdinand ya ci Garnaɗa a 1492. Ta hanyar Italiyanci da Faransanci ta isa Turanci. Sunan sauro kuwa daga "mosca" ya fito, wato ƙuda a harshen Sifen, ma'anarsa ɗan ƙaramin ƙuda. Kunne ne kaɗai ya haɗa su. Hausawa dai sun riga sun ce kama da wane ba ta wane.

Masana harshe sun nuna cewa idan kalmomi biyu na harsuna daban-daban suka yi kama, ɗayan abu uku ne ya faru: ko dangantaka ta asali, ko aro, ko dacewa kawai.

Na farko shi ne harsunan su kasance tsatso ɗaya. Larabci da Ibrananci 'yan ɗaki ɗaya ne, shi ya sa "salam" da "shalom" suke nufin aminci. Amma ko tsakanin 'yan'uwa ma'ana takan raba hanya: "lahm" nama ne a Larabci, takwararta "lehem" kuwa gurasa ce a Ibrananci. Don haka sunan garin Baitu Lahm na Falasɗinu, Balarabe gidan nama yake ji, mai jin Ibrananci kuma gidan gurasa. Hausa ma tana da dangantaka mai nisa da Larabci. Masanin harshe Joseph Greenberg ya sanya harsunan Cadi, waɗanda Hausa ce babbarsu, cikin babban dangi ɗaya da harsunan Larabawa da Buzaye da Misirawan dā. Masana suna kawo "mutu" da "maut", da "suna" da "ism", da "halshe" da "lisan" a matsayin shaidar wannan tsohuwar zumunta.

Na biyu shi ne aro, kuma a nan ɗalibin ilmi Bahaushe ya fi bukatar lura. Mun ari kalmomi masu yawa daga Larabci: labari daga "al-khabar", alƙali daga "al-ƙadi", liman daga "al-imam", allo daga "al-lauh", hankali daga "aƙl". Sai dai kalma idan ta daɗe a gidan aro takan ɗauki ɗabi'ar masu gida.

Mu ɗauki fitina. A Hausa yaro mai ƙiriniya mai fitina ne, haka mai yawan neman rigima. A Larabci asalinta sanya zinariya a wuta don a tantance mai kyau da gurɓatacciya, daga nan aka kira jarrabawa da ita. A aya ta 191 da ta 217 na Suratul Baƙara, inda aka bayyana cewa laifinta ya zarce na kisa, malaman tafsiri sun fassara ta da shirka da azabtar da muminai don a fitar da su daga addini. Wanda ya janyo wannan aya a kan maƙwabcin da ya dame shi da hayaniya ya ɗora wa Alƙur'ani ma'anar Hausa.

Haka sadaka. Mu a wurinmu kyauta ce ta ganin dama, amma "sadaƙat" da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta rarraba wa jinsin mutane takwas zakka ce ta farilla. Haka miskini: Bahaushe yakan hango wanda ba shi da ko ƙwayar hatsi, ko mai wata naƙasa, alhali aya ta 79 ta Suratul Kahfi ta kira masu jirgin ruwa da suke sana'a da shi miskinai. Malamai da dama sun kafa hujja da wannan cewa mai sana'ar da ba ta isarsa yana iya cin zakka. Rashin sanin wannan bambanci yana iya hana mai haƙƙi haƙƙinsa.

Na uku shi ne dacewa zalla. Sautukan da bakin ɗan Adam yake furtawa ƙididdigaggu ne, harsunan duniya kuwa dubbai, dole wasu kalmomi su yi karo. "Mata" a Hausa iyayenmu ne da 'yan'uwanmu, "mata" a Larabci kuwa ya mutu, kuma babu abin da ya haɗa su. Kalmar "bad" tana nufin mummuna a Farisanci da Turanci duka, amma masana sun bi tarihin kowacce suka tarar hanyarsu daban.

Wannan bincike ba baƙo ba ne a wurin magabata. Sun tattauna kalmomin Alƙur'ani irin su "mishkat" da aka danganta wa Habasha, da "ƙisɗas" ga Rumawa, da "sijjil" ga Farisa. Imam Shafi'i ya tsaya a kan cewa duk Larabci ne. Imam Ɗabari ya ga dacewa ce tsakanin harsuna. Abu Ubaid al-Ƙasim ɗan Sallam ya sasanta da cewa asalinsu baƙi ne, Larabawa suka sarrafa su suka zama nasu kafin saukar wahayi. Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 911 bayan Hijira, ya tattara su a cikin al-Itƙan. Kowannensu da hujja ya yi magana.

Shari'a ba ta yi watsi da kamannin lafazi gaba ɗaya ba. Sahabbai sukan ce wa Annabi (SAW) "ra'ina", suna nufin ya saurara musu, sai Yahudawan Madina suka riƙa karkatar da ita zuwa zagi. Aya ta 104 ta Suratul Baƙara ta hana faɗinta, ta ba da wata a madadinta. Abin lura shi ne a nan an tabbatar akwai masu cutarwa da kalmar da gangan. Wannan daban yake da mutum ya ji kalma ta yi kama da wata, ya ƙaga mata tarihi, ya haramta wa jama'a ita.

Saboda haka muna kira ga ɗalibai, kafin su fassara kalmar Alƙur'ani da abin da suka saba ji a gida, su duba littattafai irin su Mufradat na Ragib al-Asfahani da Maƙayisul Luga na Ibn Faris, su kuma tambayi malamansu. Iyaye kuma, idan saƙo ya iso yana cewa kalma kaza asalinta zagi ne, a tambaya: wane masani ne ya faɗa, kuma a wane littafi? Idan ba a sami amsa ba, a bar shi ya tsaya a nan. Haramta abu ba tare da dalili ba faɗa ne a kan Allah ba da ilmi ba, kyakkyawar niyya kuwa ba ta mayar da ƙarya gaskiya.

Allah Ya ƙara mana ilmi mai amfani, Ya tsare harsunanmu daga faɗin abin da ba mu sani ba.