Gwajin Gado da Masu Shan Taba: Shin Tsoro Yana Sa a Daina?

 Yau zancenmu a kan taba sigari yake. Na san wata za ta ce, to ni ina ruwana, ban taɓa ko riƙe kara ba? Uwargida, in maigida yana sha, ko ɗanki, ko ƙaninki, ai da ruwanki. Kuma in a ɗaki ake busa ta, ke da yara kuna shan rabonku ba da kun saya ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 85 cikin 100 na masu kamuwa da sankarar huhu, taba ce sanadi. Amma dukkanmu mun san wani tsoho da ya shekara arba'in yana zuƙa bai kamu ba, ga wani kuma ya kamu da sauran ƙarfinsa. Wannan ne ya sa masana suka waiwayi gado, wato ƙwayoyin halittar da mutum ke samu daga uwa da uba, irin waɗanda ke sa yaro ya ɗauko hancin babansa.

Cikin waɗannan ƙwayoyi akwai wata da ake kira GSTM1. Aikinta shi ne ta sa jiki ya samar da wani sinadari mai taimakawa wajen wanke wasu daga cikin gubar hayaƙi. Ku ɗauke ta kamar 'yar aikin da ke share tsakar gida. Wasu an haife su da ita, wasu babu. A cikin Turawa kusan rabi ba su da ita, a cikin baƙar fata marasa ita ba su kai haka yawa ba. Wanda ba shi da ita, haɗarin kamuwarsa ya ɗan ɗara na mai ita. Ku lura, "ɗan ɗara" na ce. Da ɗan jini ko yawu ake ganewa.

Sai likitoci a Amurka suka yi tunani: in muka gwada mai shan taba, muka ce masa kai fa jikinka ba ya wanke gubar nan kamar na sauran, ashe ba zai jefar da kwalin ba? Ni ma da aka tambaye ni, haka zan zata.

Tun a 1997 wata masaniya mai suna Caryn Lerman da abokan aikinta suka jarraba da wata ƙwayar halitta daban. Waɗanda aka gaya wa cewa gadonsu na da rauni, hankalinsu ya tashi, tsoro ya ƙaru, da yawa ma sun yunƙura su daina. Amma da aka zo ƙirga waɗanda suka daina da gaske, ba su fi waɗanda aka yi wa nasiha kawai ba.

Binciken da ya fi jan hankalina shi ne na Colleen McBride a jihar North Carolina, wanda aka buga a 2002. Baƙaƙen fatar Amurka ne 557, masu ƙaramin ƙarfi, da ke zuwa wani asibitin unguwa. Aka raba su gida biyu. Kashi ɗaya aka ba su ɗan littafin koyon daina taba da filastar nikotin, wadda ake mannawa a fata don ta rage ƙishirwar tabar. Ɗaya kashin aka ba su duk wannan, aka ƙara musu da gwajin GSTM1, sannan ana buga musu waya ana ba su shawara. Bayan wata 6, kashi 19 cikin 100 na 'yan gwaji sun daina, ɗaya ɓangaren kuwa kashi 10. Kai ka ce an yi nasara. Amma da shekara ta zagayo, tazarar ta ragu har ba a iya dogara da ita.

Ga kuma inda gizo ke saƙar. A cikin waɗanda aka gwada ɗin, wanda aka ce masa kana cikin haɗari da wanda aka ce masa kana da ƙwayar, kusan daidai suka daina. Ke nan ba sakamakon gwajin ne ya yi aikin ba. A nawa ganin, wayar nan da ake bugowa, a ce yaya yau, kara nawa ka sha, ita ce ta fi kama da mai aikin.

A 2016 masana daga Jami'ar Kambirij ta Ingila suka tattara bincike 18 irin waɗannan, wasu kan taba, wasu kan abinci da motsa jiki, suka buga a mujallar likitoci ta BMJ. Abin da suka gano: gaya wa mutum haɗarin da ke cikin gadonsa bai cika sauya ɗabi'arsa ba.

Me ya sa? Mai shan taba fa ba jahilci ke damunsa ba, ga gargaɗi nan a jikin kwalin da ke aljihunsa. Nikotin ne ya riƙe shi. Cikin 'yan daƙiƙoƙi da zuƙa yake isa ƙwaƙwalwa, in kuma ya rasa shi sai ƙunci, saurin fushi, rashin barci. To mutumin da ya saba in ransa ya ɓaci ya kunna kara, kika zo masa da labarin da zai tayar masa da hankali, ina kike jin hannunsa zai nufa? Har ma a 2008 an gano cewa wani wuri a cikin ƙwayoyin halitta da ke da alaƙa da sankarar huhu, shi ne dai ke da alaƙa da yawan karan da mutum ke sha a rana. Wato wani, kamun da tabar ta yi masa ya fi na wani tsanani tun daga gado.

Akwai wata fargaba da masana suka yi, cewa wanda aka ce masa gadonsa lafiya lau zai ɗauka an ba shi lasisi. Binciken bai nuna mutane sun yi hakan sosai ba, amma dai a sani, ba lasisi ba ne. Hayaƙin taba na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki masu jawo sankara, 'yar shara ɗaya ba ta iya musu. Ga ciwon zuciya, ga shanyewar ɓarin jiki, waɗanda gwajin nan bai ma leƙa su ba.

Ke kuma da ke zaune tare da mai sha, haɗarin sankarar huhu gare ki na ƙaruwa da kashi 20 zuwa 30 cikin 100, yara kuma ga asma, ga ciwon kunne, ga ciwon haƙarƙari. Don haka roƙon farko, cikin lalama, bayan an ci tuwo rai ya kwanta: maigida, don Allah a riƙa fita da ita waje. Buɗe taga ba ya wadatarwa. In ya nuna yana son dainawa, a ɗauke ashana da abin zubar da toka, a yi haƙuri da faɗansa na makonnin farko, domin lokacin ne jiki ya fi neman abin. In ya koma, kada a ce ai dama na sani. Yawancin waɗanda suka daina sai da suka gwada sau da dama. A ƙarfafa masa ya ga likita. Wanda ya shekara 10 da dainawa, haɗarin mutuwarsa da sankarar huhu yana komawa kusan rabin na wanda ya ci gaba da sha, ko yana da GSTM1 ko babu ba sai ya sani ba.

Tarin da ya wuce mako uku, ko kaki da jini, ko rama ba dalili, wannan kam asibiti ne, ba jira. Lokacinmu ya cika, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A gaida yara.